Daƙiƙa Takwas

Asubar Agusta, Jos ta kwana cikin yayyafi.
Na yi alwala da ruwan da ke cizon hannu,
na ce wa Ladingo kar ta tashi.
Ta tashi, ta haɗa min shayi, ba ta ce komai ba.

A bayan hannuna na rubuta da biro:
awa ɗaya, minti arba'in.
Bara minti biyu suka hana ni,
na yi shekara ina ɗauke da su
kamar bashin mai kanti.

A bakin layi mun fi ɗari uku,
kowa yana tsalle a wuri ɗaya,
haƙora na kaɗawa, baki na fid da tururi.
Wani ya sa ledar shara kamar riga,
na yi masa dariya.
Kafin a busa usur ina ƙyashin ledarsa.

Ni tela ne, ƙafa ta san aikinta:
taka, saki, taka, saki,
shekara goma sha tara a kan feda.
Yau kwalta ce yadin,
kilomita ashirin da ɗaya, ba a yanke ba,
ni ne allura.

Taminus a rufe, rumfuna sun yi tsit.
Mai ƙosai tana hura wutar da ta ƙi kamawa,
ta ɗago kai ta ce, "Wa ya koro ku?"

Hawan Hill Station ya karɓi harajinsa,
daƙiƙa ashirin, bai ba da rasit ba.
Na ce zan fanshe a gangara.
A gangara iska ta taho daga kan duwatsu,
ta shiga ta wuyan singileti
ta zauna a ƙirji kamar mai gida.

Kilomita goma sha uku na duba hannu.
Ruwa ya wanke biron, saura shuɗin tabo.
Yatsa ya ƙi danna agogo,
ya zama itace, ba nawa ba.

Sai ga wani dattijo a gefena,
furfura jiƙe, safar hannu ɗaya ja ɗaya baƙa,
a bayan rigarsa an rubuta Dachollom.
Bai dube ni ba ya ce, "Arba'in?"
Na gyaɗa kai, numfashi ya yi tsada.
"To bi duga-dugaina, bar agogo."

Na bi.
Muka wuce kududdufin kuza, ruwansa kore shar,
inda kakana ya bar ƙarfinsa da kwano a ka,
cikin sanyin nan, ba takalmi, ba mai tafa masa.
Na ji kunyar kukan da gwiwata take yi.

Sha takwas, suka ta kama haƙarƙari.
Wata murya mai taushi ta ce,
wa ya aike ka? Bargo yana gida,
gobe ma rana ce.
Na san muryar, ita ce ta bara.
Na tofar da ita a kwata.

Ƙafar Dachollom cikin ruwa, fat, fat, fat,
ba sauri, ba jinkiri,
kalmasa madaidaiciya har bakin yadi.

Kwana ta ƙarshe, ga ƙofar filin wasa,
ga babban agogo, jajayen lambobi suna rawa a ido,
talatin da tara da wani abu.
Ya matsa gefe. "Je ka, yaro."
Yaro! Ni da 'yata take shirin gama sakandare.
Na kwance abin da ban san na ƙulle ba.

Daƙiƙa takwas suka rage.
Takwas.
Abin da nake ɗauka in zura zare a allura
in hasken shago yana da kyau.

An miƙo min shayi a kofin roba,
hannu ya kasa riƙewa, rabi ya zube a takalmi.
Dachollom ya iso, ya yi tari, ya zauna a dakali,
ya cire jar safar ya ba ni,
ya bar baƙar a hannunsa.
Babban yatsanta a farke yake.
Na ce ya zo shago ran Litinin,
layin 'yan yadi, kusa da mai gyaran rediyo.